Littattafan Choji a Firizar Mai Nama

Bowie, Maryland
17 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Kaneng,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina addu'a wannan wasiƙa ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Dachung da yara da jikoki gaba ɗaya. Yaya ciwon gwiwar nan? Ina fata kin rage hawa tudun nan na bayan gida da tulu a kai, tunda Allah ya ba ki masu ɗauka miki. 'Yarki Nanret ta gaya mini an yanke acca kuma an samu albarka bana, har na ji ina marmarin gwaten da kike yi mana da yakuwa. Allah ya sa a ci cikin lafiya. Mu ma nan muna lafiya. Desmond yana Baltimore da aikinsa, yana leƙo mu idan ya samu sarari. Abby tana shekararta ta ƙarshe a jami'a a cikin Washington, kullum cikin karatu da gunagunin karatu. Ni kuma ina nan asibitin da kika sani, sai dai na roƙa an mayar da ni aikin safe. Ganyayen itatuwa sun gama zuba, sanyi ya fara kama kunne.

Yaya, na san labari ya iso Bukuru tun cikin damina cewa ambaliya ta cinye mana gida kuma ƙaninki Choji yana kwance a asibiti. Duk lokacin da kika kira, sai layi ya yi ta yankewa, ni kuma in ce miki komai lafiya don kada hankalinki ya tashi. Yanzu da Becky 'yar cocinmu za ta taho gida, na ce bari in zauna in rubuta miki abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ki karanta a natse. Gida bai tafi ba, ɗakin ƙasa ne kawai ruwa ya shiga. Amma abin da ke cikin ɗakin nan, a wurin Baban Desmond, ya kusa zama gidan duka.

Kin fi ni sanin yadda ƙaninki yake da littafi tun yana yaro. Abin da ba ki gani da idonki ba shi ne yadda abin ya girma a nan. Sama da shekara ashirin ke nan yana tara tsofaffin littattafan labari na Turawan Ingila, irin waɗanda aka koya muku a sakandare, amma ba sabon bugu ba. Shi sai bugun da, wanda ya haura shekara ɗari, wani ma ɗari da hamsin, mai bangon fata da ruwan zinariya a gefen shafuka, da zane-zane da aka rufe da 'yar takarda mai shara-shara. A ƙasar nan idan tsoho ya rasu, 'ya'yansa sukan buɗe gida su yi gwanjon kayansa. To duk Asabar da sassafe Baban Desmond zai ɗauki mota ya bi irin gidajen nan, wani lokaci har cikin Virginia, ya dawo da littafi ɗaya a naɗe cikin tawul kamar jariri. Akwai wani labari da aka buga kashi uku, ya samu kashi biyu a wuri guda, na ukun kuwa sai da ya yi shekaru yana nema kafin ya same shi. Ranar da ya kawo shi gida da rawa ya shigo kicin. Ya jera su duka a kabad masu gilashi a ɗakin ƙasa, ya sa na'ura mai tsotse danshi, kuma babu mai taɓa su sai shi. Da ya yi ritaya daga aikin harhaɗa magunguna bara, can ƙasa yake wuni. Abokansa na aiki sun watse, yara sun bar gida, littattafan nan su ne abokan hirarsa.

Wata Lahadi ce a cikin Yuli. Muna coci, ranar zumuntar mata, na sha ankon da kika aiko mini, sai hadari ya taso da iska irin wadda ban taɓa gani ba a garin nan. Ruwa ya yi ta zuba kamar ba zai tsaya ba, muka zauna a coci har bayan la'asar muna jiran hanya ta buɗe. Da muka iso unguwarmu sai muka tarar wata babbar itaciya ta faɗa kan wayar lantarki, babu wuta ko'ina. Gidajen nan suna da famfo a ɗakin ƙasa wanda yake fitar da ruwa waje, amma da lantarki yake aiki. Baban Desmond ko takalmin coci bai cire ba ya sauka. Na bi bayansa da fitilar waya. Ruwa ya kai gwiwa, kantocin ƙasa duk sun nutse, kabad ɗaya ta kife ta zubar da abin da ke cikinta, littattafai suna yawo a kan ruwa a buɗe. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, bangon ya rabu ya zauna masa a hannu. Da na haska fuskarsa sai na ga gumi yana keto masa, ya dafe ƙirji da hannun hagu. Yaya, shekara talatin ina aikin jinya, na san wannan fuskar. Na ja shi sama da ƙarfi, na sa shi a mota muka nufi asibiti.

Mun gode wa Allah ba zuciyar ce ta buga ba. Jininsa ne ya hau ƙwarai, likita ya ce sai an riƙe shi a ga yadda za ta kasance. Da hankalinsa ya ɗan dawo, abin da ya fara gaya mini shi ne in kira masu kwashe shara su share ɗakin ƙasa kafin ya dawo, kada ya tarar da ko shafi ɗaya. Ya ce shi tsohon wawa ne da ya ɓata rayuwarsa a kan takardun matattu. Na gyara masa bargo na fita.

Abby ce ta hana in yi abin da ya ce. Washegari da safe ta zo, ta kira wata dattijuwa mai suna Olive, wadda take gyaran tsofaffin littattafai a wani ɗan shago a arewa maso yammacin Washington, inda babanta ya saba kai nasa a ɗinke masa. Olive ta ce kada mu kuskura mu buɗe su ko mu shanya su a rana. Ta ce a zafin Yuli funfuna ba ta jira, cikin kwana biyu za ta kama su, kuma in ta kama to an gama. Abin yi kawai shi ne a naɗe kowane ɗaya da takarda mai santsi, a sa a leda, a jefa a firiza ya daskare. Ta ce littafin da ya daskare zai iya jiran wata da watanni, daga baya a fito da su ɗaya bayan ɗaya a busar a hankali. Na ce wa Abby ta tambaye ta ko wasa take yi. Ba wasa take yi ba. Matsalar ita ce ba mu da wuta, namu naman ma narkewa yake yi, kuma jiƙaƙƙun littattafan sun fi ɗari.

Na shiga kiran matan zumunta waɗanda unguwarsu ke da wuta. Kin san kowace 'yar Najeriya a nan tana da babbar firiza a gareji cike da miya da naman akuya. Suka yi ta zuwa da kwali, wannan ta ɗauki biyar, waccan ta ɗauki takwas. Wata ta fitar da tukunyar miyar agushi guda ta raba wa maƙwabtanta don ta samar wa littattafai wuri. Duk da haka fiye da rabi suka rage a kan teburin cin abinci suna ɗiga, rana kuma tana yi. A nan ne na tuna da Boubacar. Mutumin Nijar ne, daga Maraɗi, Musulmi, yana da shagon sayar da naman halal a Springfield, can muke zuwa sayen akuya idan za a yi biki. Tsakaninmu da shi gaisuwa ce da ciniki, ba wani abu ba. Na ji nauyin kiransa, amma na kira. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce yana da babban firigo, haka suke ce wa firiza, wanda ya saya saboda Babbar Sallah, tun da aka gama Sallah babu komai a ciki. Na ce zan nemi mota in kawo. Ya ce a'a, Hajiya, haka yake kirana ko da ya san ni Kirista ce, mai majinyaci a asibiti ba ya ɗaukar kaya. Ya bar wa matarsa Rakia shago, ya tuƙo motar naman tun daga Virginia cikin cunkoson nan, ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa tare da Abby da Desmond suka kwaso ragowar da ke ɗakin ƙasa. Kafin rana ta faɗi komai ya shiga sanyi. Rakia ta kira ni tana dariya, ta ce ta ga abubuwa da yawa a Amurka amma yau ta fara ganin an kwantar da littafi a makwancin rago.

Da aka sallamo Baban Desmond na gaya masa abin da muka yi, ina tsammani zai yi murna. Ya ce mun wahalar da mutane a banza. Daga nan ya shiga wani hali da ya fi asibitin ba ni tsoro. Ba ya sauka ƙasa, ba ya fita Asabar, coci ma sai na matsa. Zai zauna a falo gaban talabijin da ba ya kallo. In na yi tuwon acca da miyar karkashi, abin da ba ya iya ƙi, sai ya ci loma biyu ya ture. Wandunansa suka fara yi masa yawa. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce amin da ladabi, ya koma shirunsa. Haka muka cinye Agusta. A lokacin ne kike kira ina ce miki komai lafiya, in ajiye waya in shiga banɗaki in yi kuka.

Farkon Satumba Olive ta ce lokaci ya yi. Ta hau jirgin ƙasa na Metro, Abby ta ɗauko ta daga tasha. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce baƙar fata, haifaffiyar Washington, ta haura saba'in, yatsunta duk sun kanannaɗe da ciwon gaɓɓai. Muka karɓo littattafai kaɗan daga gidan wata 'yar zumunta. Olive ta shimfiɗa tawul a teburin cin abinci, ta kunna fanka, ta jira ƙanƙarar ta sake. Baban Desmond yana falo, bayan gaisuwa ko juyowa bai yi ba. Can sai ta ɗaga murya ta ce masa yatsunta ba za su iya raba shafukan nan ba tare da ta yaga su ba, Abby kuma tana da gaggawa irin ta yara, tana bukatar hannun wanda ya saba auna magani. Ta ce in ba zai zo ba, to a mayar da ita tasha. Ina jin kunya ce ta tashe shi, don ba zai bar baƙuwa tsohuwa ta koma haka ba. Ya zo ya zauna yana ɗaure fuska. Ta miƙa masa wata 'yar wuƙar ƙashi mara kaifi, ta nuna masa yadda zai zura ta tsakanin shafi da shafi, ya sa takarda mai shan ruwa, ya tsayar da littafin a gaban fanka, in ya sha iska a danne shi da katako. Ina kicin ina leƙe. Shafin farko ya rabu lafiya, rubutu yana nan garau. Na ga kafaɗunsa sun sauko. Ranar sai da na kira shi sau uku kafin ya taso cin abinci, kuma ya cinye.

Ba duka aka ceto ba. Wasu zane-zanen sun manne sun zama dunƙule, wasu bangayen fata sun ruɓe, dole aka zubar. Labarin nan mai kashi uku, na tsakiyar ya tafi. Yawanci dai sun rayu, sai dai da tabon ruwa ruwan ƙasa-ƙasa a gefe, shafuka sun yi lanƙwasa, ba sa rufuwa daidai. Olive ba ta ɓoye masa ba, ta ce masu tara irin waɗannan littattafai ba za su ƙara kallonsu ba, amma babu harafin da ya ɓace, ana iya karanta su sarai. Na ji tsoron maganar za ta mayar da shi baya. Sai kawai ya ce a ba shi na gaba.

Da aka zo kan waɗanda ke Springfield, ya ce shi da kansa zai je ya yi godiya. Muka tafi wata Asabar da rana. Boubacar ya shigar da mu bayan shago inda direbobin tasi 'yan ƙasarsu suke zama su sha shayi tsakanin aiki. Bayan an gaisa, ya buɗe firizar ya ɗauko ɗaya a cikin leda yana jujjuya shi. Ya ce shi lakkwal ya yi, wato makarantar Faransanci, shekara kaɗan, Turancinsa na ciniki ne, amma tun ran nan yana son ya tambaya: me ke cikin abin nan da har zai kai babban mutum asibiti? Baban Desmond ya duba bangon, ya ce wannan labarin wani mai gyaran agogo ne da 'yan'uwansa suka haɗa baki suka cinye masa gadon ubansu. Boubacar ya ce to sai aka yi yaya? Yaya Kaneng, ƙaninki ya ja kujera ya fara ba da labarin da Hausa. Ni da na aure shi shekara talatin da biyu ban san ya iya ba da labari haka ba. Yana canza murya, yana kwaikwayon tafiyar babban wan, yana tsayawa daidai inda ran mutum yake son ji. Shayi ya huce a kofuna. Wani direba mai suna Idrissa wayarsa ta yi ta ƙara, fasinja na jira, ya ƙi tashi, yana cewa wallahi da a Maraɗi ne da dattawan unguwa sun zaunar da wan nan tun kafin a kai ga alƙali. Da masu sayen nama suka yi yawa Rakia ta leƙo ta kira mijinta, sai Boubacar ya ce ba zai ba da sauran littattafan ba sai an dawo an ƙarasa masa. Haka aka yi ta yi, duk Asabar Baban Desmond ya karɓo kaɗan ya bar musu wani yanki na labari.

Yanzu firizar ta koma ta nama, littattafai duk sun dawo gida, amma zaman Asabar bai tsaya ba. Sun gama mai gyaran agogo sun shiga na biyu. Tun ranar Laraba yake fara shiri, ya karanta babi, ya bi ni kicin yana tambayata yadda ake faɗin kaza da Hausa. Suna yi masa dariyar Hausar Jos, shi ma yana yi musu dariyar tasu, wani lokaci a bar labari a koma gardamar kalma ɗaya. Yakan tafi da littafin a hannu, ya miƙa musu su ga zanen mutanen da ake magana a kansu, yana zagayawa daga hannu zuwa hannu tsakanin kofunan shayi, shi kuwa ko a jikinsa. Idan lokacin salla ya yi su tashi, ya jira su, su dawo a ɗora. Abby takan bi shi wani lokaci, ta riƙe littafin tana bin Turancin da ido tana jin Hausar da kunne. Rannan ta kama shi ya tsallake wani wuri, ta faɗa da Hausarta mai tsami, wurin duka aka fashe da dariya har da tafi. Makon jiya muka koma wurin likita, jininsa ya sauka, an rage masa ƙwaya ɗaya. Mun hau da kabad ɗin sama, ɗakin Desmond na da. Ya koma zuwa gwanjo ma, ya ce zai nemi kashin nan na tsakiya da ya ɓata ko da zai ɗauke shi wasu shekarun. Ranar bikin godiya na ƙasar nan, ƙarshen wata, mun gayyaci Olive da Boubacar da Rakia da Idrissa su ci abinci da mu. Boubacar ya ce shi zai kawo talotalon, don ya tabbata da yankan.

A cikin kayan da Becky za ta ba ki akwai man shafawa na gwiwa, da rigar sanyi ta Baba Dachung, da wani ƙunshi a cikin tawul. Littafin mai gyaran agogon ne. Ƙaninki ya ce a gaya miki ke kika fara zaunar da shi a kan tabarma kika nuna masa baƙaƙe da tsinke a ƙasa, tun bai isa shiga makaranta ba, kuma bai taɓa ba ki komai a kan haka ba. Ya ce jikoki su karanta miki, in sun gaji ki kira shi ya ba ki da baki. Ya zauna ya rubuta sunanki a shafin farko, ya daɗe a kai. In kin buɗe kika ji ɗan ƙanshin yaji, kada ki yi mamaki, mun yi iya ƙoƙarinmu bai fita ba.

Ki gaishe mini da Baba Dachung da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaishe da Jang da matarsa da sabon jariri, da Nanret, ki ce mata na ga hotunan. A gaishe da matan zumunta na cocinmu da duk wanda ya yi mana addu'a a lokacin da muke cikin duhu, ki gaya musu Ubangiji ya ji. Desmond da Abby suna gaishe ki. Baban Desmond yana nan gefena yana tambaya ko na gama, wai yana son in ji yadda zai fara babin wannan Asabar.

Allah ya kiyaye ki, ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Selina Choji